Gurbin da Malam Sule Ke Rubutu a Ciki

Ranar Litinin da ta wuce ɗaya daga cikinku ya buɗe jerin sunayen guraben da ke cikin saƙonnin ƙofofin ruwa, ya ga wani gurbi mai suna "ƙari2", ya fashe da dariya. Ya ce wannan suna ba shi da kai ba shi da gindi, minti biyu ya ishe shi ya ba shi suna mai kyau. Na ce kada ya taɓa. Kuka kalli juna. Na san abin da kuka ce bayan na fita: tsoho ya fara tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba. To ga dalilin a rubuce, don in na faɗa da baki za ku manta rabi.

Gaskiyarsa ce, minti biyu ne. Layi ɗaya ake rubutawa: duk inda ka ga wannan suna, mayar da shi wancan. Wanda ya yi mako guda a ofishin nan zai iya. Abin da ya ci min shekaru shi ne sanin lokacin da ba a rubuta wannan layin.

Bari in fara daga tushe saboda sababbinku. Kowace ƙofar ƙaramin kanal da ƙungiyar manomanmu ke kula da ita, daga wajen Kura har Bunkure, akwai na'ura a jikinta mai aiki da sola. In an buɗe ƙofa ko an rufe, na'urar ta turo saƙo. Mai ƙofa kuma, wato mutumin da ke buɗe ta da rufe ta, yana da waya, shi ma ya cike ɗan fom ya turo. Kwamfutar ofis ta haɗa biyun su zama saƙo ɗaya. Kowane saƙo gurabe ne, kowane gurbi da sunansa da abin da ke cikinsa: lambar ƙofa, lokaci, tsawon buɗi, zurfin ruwa. Saƙon yana bin matakai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ruwa ke barin babban kanal ya bi ƙanana, har ya zuba a babban jadawalin da shugabanni ke dubawa. Matsalar ita ce na'urorin ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wata da Faransanci take kiran zurfin ruwa, wata da Turanci, wata haruffa biyu kawai take turowa ka nemi ma'anarsu da kanka. Aikina shi ne in tsaya a tsakiyar hanya ina daidaita sunayen, don kada abu ɗaya ya iso da suna uku.

Aikina na farko ba shi da kwamfuta ko kaɗan. Fensir ne da littafi da keke. Ina zagaya ƙofofi ina karanta ma'aunin da aka zana a jikin siminti, in rubuta. Daga nan aka tura ni karo ilimi Sudan, na zauna a Wad Madani na koyi Larabcin kasuwa da na ofis. A can na ga mai ƙofar da ba ya rubuta komai, amma in ka tambaye shi ruwan da ya wuce makonni uku baya zai faɗa maka, kuma in ka auna za ka tarar haka ne. Bayan nan na yi shekaru a Mali, a Niono, inda na koyi Faransanci da ɗan Bambaranci na gaisuwa da ciniki. Na yi Ƙonni ma a Nijar. Ko'ina na je na tarar da abu guda: ofis yana da tsarin rabon ruwansa a takarda, manoma suna da nasu a baki, mai ƙofa ne yake tsaye tsakanin biyun.

A Niono na koyi wannan sana'a, a hannun wata mata da ake kira Madam Kadiyatu. Wata uku ba ta bar ni na taɓa kwamfuta ba. Ta ba ni littafi mai layi, ta sa na raba kowane shafi gida huɗu: tsohon suna, sabon suna, wa ke rubutawa a ciki, wa ke karantawa. Gida biyun farko a zaune ake cike su. Biyun ƙarshe sai ka hau babur ka je ka sami mutumin. Wata rana na kawo mata shafi na rubuta "babu kowa" a gidan mai karantawa. Ta cire tabaraunta ta ce da ni, "Ka tambayi mutum nawa kafin ka rubuta babu kowa?" Na ce biyu. Ta yage shafin. Dokarta ta biyu ita ce ɗanyen saƙo, wato saƙo yadda ya iso kafin a taɓa shi, a ajiye kwafinsa a gefe. Ta uku, kafin ka ba gurbi sabon suna, duba ko akwai wanda ya riga shi wannan sunan. Na dawo gida da waɗannan dokoki uku, na koyar da su ga mutane da yawa. Ku ma na koya muku. A shekarar da zan ba ku labari, ɗaya kawai na kiyaye, ita ma rabi.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma rabinsu ba na ofis ba ne. Kwamfutar hannu, igiyar haɗa ta da na'ura, sukuddireba, tsumma da buroshi na goge kashin tsuntsu daga kan sola, da sanda siririya ta fasa gidan zanzaro, don babu inda zanzaro ke so kamar akwatin na'ura. Masu amfani da aikin kuwa kowa da bukatarsa. Ciyaman yana son shafi ɗaya da zai karanta kafin shayinsa ya huce. Mutanen shirin tallafi da suka saya mana na'urorin suna son sunaye iri ɗaya da na sauran wuraren da suke aiki. Manomi ba ruwansa da duk wannan, tambayarsa ɗaya ce: yaushe ruwa zai zo?

Yanzu ga Malam Sule. Shi ne mai ƙofar Layi Uku da Layi Bakwai, biyu daga cikin ƙananan kanal ɗinmu, tun kafin in tafi Sudan. Manoman Layi Uku 'yan gari ne, Musulmi, kuma a jadawalin ofis ranar ruwansu Juma'a ce. Na Layi Bakwai yawancinsu Kiristoci ne da iyayensu suka zo daga Filato da kudancin Kaduna suka zauna, ranar ruwansu kuma Lahadi. Wanda ya tsara wannan jadawali tun farko ban san ko ya taɓa taka gona ba. Ban ruwa ba abu ne da ake bari a tafi a dawo ba, sai ka tsaya da fartanya kana buɗe kunya kana toshewa tun safe har la'asar. Don haka tun zamanin iyayensu suke musanya: Bakwai su sha Juma'a, Uku su sha Lahadi. Na taɓa ba su shawara a gyara jadawalin kawai a huta. Dattawan ɓangarorin biyu suka ƙi. Sun fi so kowace Alhamis wani daga Layi Bakwai ya je ya gaida Alhaji Mudi, babban Layi Uku, ya roƙi Juma'a, a ba shi, sannan a gaya wa Malam Sule. Alhaji Mudi ya ce da ni, "Injiniya, in ya zama doka, wa zai ƙara zuwa gaishe ni?" A Sudan da Mali na ga ana musanyar ruwa, amma ban ga inda ake sabunta ta kowane mako da gaisuwa ba sai nan.

Ƙungiya ta yarda da musanya, da sharaɗi ɗaya: mai ƙofa ya rubuta. An sa sharaɗin ne saboda a da wasu masu ƙofa sun sayar da ruwa suka ce musanya ce. Duk buɗin da ba a ranarsa ba, kuma ba rubutu, sata ce. A fom ɗin waya, akwatin ƙasa shi ne na wannan rubutu. Wanda ya fara tsara fom ɗin ya sa masa "ƙari2", ban san ina "ƙari1" ya tafi ba.

Aikin da ya jawo abin na yi shi ne da damina, lokacin da ƙofofi ke hutu. Na zauna ina share fage, na ga "ƙari2", na yi dariya irin wadda ɗan'uwanku ya yi. Na rubuta layi ɗaya: ƙari2 ya koma "bayani". Na gwada, ya yi. Bayan wata uku, gab da fara noman rani, aka kawo sababbin na'urori aka sauya duk tsofaffin. Sababbin sun zo da gurabe da yawa da ban saba da su ba, ruwa kuma saura kwana huɗu a sake shi. Na zauna yini guda ina ba su sunaye. A cikinsu akwai wani da na'ura ke faɗin lafiyarta a ciki, ko batir ya yi ƙasa, ko komai daidai. Na ce wannan ai bayani ne. Na rubuta layi ɗaya a ƙasan jerin: shi ma ya koma "bayani". Ban ɗaga ido sama na duba ba. Ban buɗe littafin gida huɗu ba. Na gwada da saƙonnin da na ƙirƙira a ofis, waɗanda babu rubutun mai ƙofa a cikinsu, komai ya wuce lafiya.

Ku lura da abin da kwamfuta ke yi in gurbi biyu suka iso da suna ɗaya. Ba ta kuka, ba ta tsayawa, sai in kai ka ce ta tsaya. Na baya ya hau kan na gaba ya shafe shi. Layin na'ura shi ne a ƙasa, don haka shi ne na baya.

Rani ya yi nisa, alkama ta fara fitar da kai, sai mutanen shirin suka turo wani jami'insu daga Kano da sabon rahoto: jerin duk buɗin da aka yi ba a ranarsa ba kuma ba rubutu. Masu ƙofa da dama sun fito da ɗaya ko biyu, ba a ko kira su ba. Malam Sule ya fito da biyu kowane mako, tun farkon rani, ba fashi.

An yi zaman ne ranar Litinin a ajin firamare, manya a kan bencin yara. Ciyaman, Alhaji Garba, ya karanta rahoton. Malam Sule ya miƙe, makullin ƙofa rataye a kafaɗarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, musanya ce. Kowa a ɗakin nan ya san musanya ce."

Alhaji Mudi ya ce haka ne. Baba Yohana, dattijon Layi Bakwai, ya ce haka ne, shi ke zuwa roƙo da ƙafarsa. Jami'in Kano ya ce ba ya ƙaryata kowa, amma waɗanda suka sha ruwan ne suke ba da shaida, kuma a wani wurin da ya yi aiki haka aka yi ta rufa wa juna asiri. Ya ce tambaya ɗaya ce: an rubuta ko ba a rubuta ba?

"Na rubuta," in ji Malam Sule. Ya juyo gare ni. "Injiniya, kai ka koya min da hannunka a gindin mangwaron nan. Ka ce akwatin ƙasa. Ban taɓa tsallakewa ba."

Wayar ba ta ajiye abin da aka tura, saboda haka ba shi da abin nunawa. Ciyaman ya ce, "Injiniya, ka duba?"

Na ce na duba. Abin da na yi shi ne, da safen nan na sa kwamfuta ta nemo min kalmar "musanya" a saƙonnin ƙofofinsa, ta ce babu. Ban buɗe saƙo ko ɗaya na karanta da idona ba. Na tsaya gaban mutane sama da talatin na ce, "Abin da aka tura shi ke isowa. Na'ura ba ta da dangi a Layi Uku, ba ta da dangi a Layi Bakwai. Babu rubutu."

Malam Sule ya dube ni. Ya sauke makullin ya ajiye a kan teburin malami, ya ɗora wayar a kai, ya sa takalminsa ya fita. Aka ce an dakatar da shi sai an gama bincike, amma kowa ya san me ake nufi. Aka ba wani makullin, aka ce ya bi jadawali sak. Daga makon nan mutanen Bakwai suka koma zaɓi tsakanin coci da ruwa, na Uku suka koma shiga sahun Juma'a da taɓo a ƙafa. Malam Sule kuwa ya daina sallar Juma'a a garin, yana hawa keke ya tafi Madobi. A wurin mai shayi aka fara ce masa Sule mai famfo, wai yana sayar da ruwa.

Gidan zanzaro ne ya kai ni Layi Bakwai wata Asabar, kusan mako huɗu bayan zaman. Na'urar can ta yi shiru, na je da sandata. Ina tsugune gaban akwatin sai ga Mama Rifkatu, wata dattijuwa mai noman albasa, ƙanwar Baba Yohana, ta tsaya a kaina da fartanya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Injiniya. Wannan ce wadda ba ta da dangi?"

Na ce ita ce, Mama.

"To tambaye ta min. Bana masu ƙofa nawa ne suka rubuta musanya? Bar Sule. Sauran."

Na ce ban ƙirga ba.

"Ba ka ƙirga ba. Mutane ba su mutu ba bana? Ba a yi suna ba? Ko kuwa duk ranin nan ba wanda ya roƙi ruwan wani sai mu?" Ta gyara fartanyarta. "Ni ban yi boko ba. Amma in na auna albasa buhu goma duk suka zo daidai har ƙwaya, ma'aunin nake dubawa."

Na dakata da aikin. Ba maganarta kaɗai ba ce, abin da ta tuno min ne. Wata biyu kafin nan an yi rasuwa a Layi Goma, na je zaman makoki. Mai ƙofar can, Malam Ado, idonsa ya yi rauni, ya miƙo min wayarsa a kan tabarma ya ce, "Injiniya, rubuta min, yau mun ba Layi Tara saboda jana'iza." Ni na rubuta. Da babban yatsana na danna tura.

Na bar akwatin a buɗe na hau babur. Rana tsaka na iso ofis a Kura. Na nemo ƙofar Layi Goma, na nemo ranar rasuwar, na buɗe saƙon. Lambar ƙofa daidai. Lokaci daidai. A gurbin bayani, inda na rubuta jana'iza da hannuna, an rubuta: batir lafiya.

Na buɗe na gaba. Batir lafiya. Na sa kwamfuta ta jero min gurbin bayani na duk ƙofofi, tun ranar da aka saki ruwa. Shafi bayan shafi, batir lafiya, batir lafiya, nan da can batir ya yi ƙasa. Babu kalmar mutum ko ɗaya. Rani guda cur masu ƙofa suna rubutu a rana da ƙura, ni kuma na kafa abin da ke shafe shi kafin ya iso, kuma ban buɗe gurbin na leƙa ba ko sau ɗaya. Na hau jerin umarnin na ga layuka biyun, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk rubutuna. Na tashi tsaye, na koma na zauna, na sake tashi. Inna lillahi kawai nake iya faɗa.

Sai na tuna da ɗanyen saƙo. Na ce muku rabin wannan dokar na kiyaye. Ma'ajiyarmu ƙarama ce, don haka na sa kwamfuta ta riƙa goge duk ɗanyen da ya kai kwana talatin. Na ƙirga da yatsu. Juma'ar ƙarshe da Malam Sule ya yi aiki kwana ashirin da tara ke nan. Da zanzaro bai shiga akwatin nan ba sai Litinin, da saƙon wannan Juma'ar ya tafi. Abu na farko da na yi shi ne kashe gogewar. Sannan na buɗe.

Saƙo biyu suka rage nasa, na Juma'a da na Lahadi. Ga na Juma'ar, na haddace shi: "Layi Uku sun ba Layi Bakwai yau. Baba Yohana ya je jiya, Alhaji Mudi ya yarda. Injiniya a duba ƙofar Bakwai tana yoyo ta ƙasa, karo na shida ke nan ina faɗa."

Karo na shida. Ba musanya kaɗai yake rubutawa ba, da ni yake magana. Mako shida yana kirana, yana ganina a hanya muna gaisawa, bai ce komai ba don yana zaton na karanta na ƙi zuwa.

Na sa aka kira zama ranar Litinin, a ajin nan dai. Malam Sule ya ƙi zuwa sai da Alhaji Mudi da Baba Yohana suka je gidansa tare. Ya zauna a bencin ƙarshe. Na karanta saƙo biyun. Jami'in Kano ya ce kwana biyu ke nan, sauran makonnin fa? Na ce sauran sun tafi, ni na goge su. Na ɗauko wayar Malam Sule na miƙa wa ciyaman.

"Ranka ya daɗe, rubuta duk abin da ka ga dama a akwatin ƙasa."

Alhaji Garba ya sa tabarau ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya tura. Ban gyara komai ba tukuna, da gangan. Na juya masa kwamfutar.

"Batir lafiya," ya karanta da ƙarfi. Ya cire tabaraun ya goge ya mayar. "Ni ne batir?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Baba Yohana ya ce a ba shi shi ma. Ya rubuta "Yohana", ya fito batir lafiya. Na faɗa musu yadda aka yi, a fili: sunan gurbin na canja, na sake ba wani gurbin sunan, na bayan ya shafe na gaban. Na ce ranar da na ce na duba, ban duba ba. Jami'in Kano ya rufe fayil ɗinsa. Ciyaman ya ɗauki makullin da kansa ya taka har bencin ƙarshe.

Malam Sule bai karɓa nan take ba. Ya ce, "Injiniya, fahimtar da ni. Na rubuta, ta fita daga wayata. A hanya ka tare ta?"

Na ce a hanya na canja mata suna.

"Ka canja wa maganata suna, ba ka gaya min ba."

Na ce haka ne, Malam.

"Ita wannan abar," ya nuna kwamfutar da haɓa, "ƙarfe ce, ba ta san ni ba. Kai ka san ni tun kana yawo da fensir a kunne." Ya karɓi makullin ya rataya. "Mayar mata da sunan da take da shi ranar da ka koya min. Kuma ƙofar Bakwai har yanzu tana yoyo. Na bakwai ke nan."

Na je na gyara ƙofar washegari. Sunan kuma na mayar da shi a ranar. Wancan gurbin na na'ura na ba shi suna nasa daban. Na sa kwamfuta ta tsaya ta yi ƙara duk lokacin da suna biyu suka yi karo. Ɗanyen saƙo yanzu ba a goge shi sai rani ya zagayo. Kowace Litinin da safe, kafin in taɓa komai, nakan karanta abin da masu ƙofa suka rubuta ɗaya bayan ɗaya, in ba kowa amsa. Abin da bai dawo ba shi ne rubutun rani guda na mutanen nan: wace gaɓa ta zabge, wa ya rasu, wa ya ba wa ruwa. Sunan Sule mai famfo ma bai mutu gaba ɗaya ba, akwai waɗanda suka ji farkon labarin ba su ji ƙarshensa ba.

Ban ce kada ku canja suna ba. Sana'ar ke nan, kuma a wata mai zuwa za a kawo wasu na'urorin da za ku daidaita. Littafin gida huɗu yana aljihun teburina na hagu, ku ɗauka. In kuka zo shafin "ƙari2" za ku ga gidan mai rubutawa cike da sunayen masu ƙofa, na Malam Sule a sama. Wanda ya matsu sai ya gyara wannan suna, ga babur nan a ƙofar ofis. Ya je Layi Bakwai ranar Juma'a da hantsi, zai sami Malam Sule tsaye a kan ƙofa da makulli a kafaɗa. Ya gaishe shi da kyau, ya roƙe shi. Ni na roƙa sau biyu, ya ce a'a.